Ɗigar fitsari da saukowar mahaifa bayan haihuwa: atisaye, zobe, tiyata ko kayan matsi?

Akwai matar da idan atishawa ta taso mata a cikin mutane sai ta tsaya cak, ta harɗe ƙafafu, sannan ta sake ta. Akwai wadda ta daina ƙyalƙyala dariya a gidan biki. Akwai kuma wadda ta idar da alwala, ta hau sallaya, tana sunkuyawa ruku'u ta ji ɗigo ya sauko, ta koma bayi ta sake tsarki ta canja zani. Ni ma na yi wannan zaryar bayan haihuwata ta huɗu, kuma na fi shekara ban buɗe baki na faɗa wa kowa ba, don a zatona haka jikin duk mai haihuwa yake komawa.

Ranar da mace ta daure ta faɗa, shawara sai ta taso mata ta ko'ina. Yaya ta ce a nemo haɗin matsi wurin mai kayan mata. Ƙawa ta turo hoton wata na'ura da ta gani a Instagram. Malamar asibiti ta ce a yi atisayen Kegel, ba tare da ta samu sukunin nuna yadda ake yi ba saboda layi. Likita kuma ya ambaci tiyata. Idan kina tsaye a tsakiyar waɗannan shawarwari, 'yar'uwa, ke nake yi wa wannan bayani.

Fara sanin abin da ya samu jikin

A can ƙasan ƙugu akwai wasu tsokoki da suka shimfiɗu daga ƙashin mara ta gaba zuwa ƙarshen ƙashin baya. Aikinsu irin na majanyi ne: su ne suke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, su ne kuma suke tsuke ƙofar fitsari da ta bayan gida. Nauyin ciki, yunƙurin haihuwa, ɗa mai girma, doguwar naƙuda da ƙari duk suna sassauta su. Bayan haka sai rayuwar yau da kullum ta ɗora nata: ɗaukar jarkar ruwa, daka, taurin bayan gida, tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ƙiba, da ɗaukewar al'ada. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa a arewa maso yamma matsakaicin haihuwar mace ya kai 6.6, saboda haka majanyin matanmu yana shan aiki ba kaɗan ba.

Matsalar tana zuwa ta fuskoki daban-daban, kuma maganin wannan ba shi ne na waccan ba. Akwai ɗigar da ke zuwa da tari, atishawa, dariya ko ɗaga kaya. Akwai ta matsuwa, wadda fitsari zai kama ki farat ɗaya, kafin ki kai bayi ya zubo. Wata tana da duka biyun. Sai saukowar mahaifa ko bangon farji, inda mace take jin nauyi a ƙasanta kamar wani abu zai faɗo, musamman da yamma bayan ta wuni a tsaye, wani lokaci har ta taɓa wani ƙullutu idan tana tsarki.

Akwai kuma wadda ba ta cikin wannan lissafin sam. Idan fitsari yana zuba dare da rana ba tsayawa, kina kwance ko kina zaune, kuma ya fara ne bayan naƙuda mai wuya ko bayan an yi miki aiki, wannan yoyon fitsari ne, wato ƙofa ce ta ɓulle tsakanin mafitsara da farji. Babu atisayen da zai toshe ta. Zan dawo kanta a ƙarshe.

Ma'aunin da na ɗora kowace hanya a kai

Tambaya ta farko, kuma mafi nauyi: hanyar tana taɓa tushen matsalar, kuma an gwada ta a kan mata masu yawa an ga amfaninta? Sai kuɗi, ba na ranar farko kaɗai ba, har da wanda za a ci gaba da kashewa. Sai ɗorewa. Sai sauƙi, kuma a nan na haɗa da kunya da sirri, domin hanyar da mace ba za ta iya bi ba saboda nauyin buɗe jikinta ba ta da amfani gare ta komai kyanta. Sai haɗari. Na ƙarshe shi ne wanda ake yawan mantawa: kina sa ran sake haihuwa?

Atisaye a gida, ke kaɗai

Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, shi ya yaɗa wannan atisaye a 1948, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Yadda ake yi shi ne ki kwanta rigingine, ki lanƙwashe gwiwa, ki matse dubura kamar kina riƙe iska a cikin mutane, sannan ki kawo matsewar gaba kamar kina riƙe fitsari, ki ja duka zuwa ciki da sama. Ki riƙe gwargwadon ƙarfinki, ko da ƙirga uku ne da farko, a hankali har ki kai goma. Ki saki gaba ɗaya, ki huta daidai tsawon da kika riƙe, ki sake. Bayan nan ki yi wasu masu sauri, matse saki, matse saki. Numfashi yana tafiya yadda ya saba, cinya da ɗuwawu ba su shiga aikin. Idan kin ƙware a kwance sai ki koma yi a zaune, sannan a tsaye.

Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta ce mafi ƙaranci matsewa 8 sau uku a rana, har tsawon wata uku. Ni abin da ya taimake ni shi ne ɗaura shi a kan lokutan salla: bayan Asuba, bayan La'asar, bayan Isha'i. Akwai kuma wata dabara da take aiki tun daga makon farko: da zarar kin ji tari ko atishawa na tafe, ko za ki ɗaga yaro, ki riga matsewa kafin abin ya zo.

Amfaninsa ba ji-ta-ji-ta ba ne. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen lafiya ta tace su, ta haɗa gwaji 31 a 2018. A cikin masu ɗigar tari da atishawa, kashi 56 cikin 100 na waɗanda suka yi atisayen sun ce sun warke, alhali a cikin waɗanda ba su yi ba kashi 6 ne kawai. Wani nazarin nasu na 2020 ya nuna cewa mai cikin da ta fara atisayen tun kafin ɗiga ta same ta, haɗarin ta fara ɗiga a ƙarshen ciki yana raguwa da kusan kashi 62 cikin 100. Mata da dama kuma suna samun sauƙin riƙe iska, da ƙarin jin daɗin auratayya.

Ba a biyan ko sisi, ba wanda zai san kina yi, kina iya yi kina tsince shinkafa. Amma yana da rauni guda biyu. Na farko, tsoka ce, idan aka daina motsa ta sai ta koma gidan jiya, don haka bayan wata ukun sai an ci gaba da yi ko da an rage. Na biyu ya fi damuna: mata da yawa ba sa yin sa daidai. A wani bincike na 1991 a Amurka, an yi wa mata 47 bayanin atisayen da baki, sannan aka duba. Kusan rabi ne kawai suka yi shi yadda ya kamata, ɗaya cikin huɗu kuma ta yi shi ta hanyar da za ta iya ƙara mata ɗigar. Wata tana yunƙuri ne zuwa ƙasa, tana zaton matsewa take yi. Ki gwada kanki da madubi: idan kin matse, fatar da ke tsakanin gaba da dubura ciki za ta shige, ba waje za ta bultso ba. Ko ki wanke hannu ki sa yatsa, za ki ji an kama shi an ja sama. Kada kuma ki mayar da tsayar da fitsari a bayi ya zama atisayenki, yana hana mafitsara zubar da abin da ke cikinta duka.

Atisaye a hannun likitar fisiyo

Atisayen ɗaya ne, bambancin shi ne akwai mai duba ki. Mutane sun fi sanin sashen fisiyo da gashin ƙashi da masu shanyewar ɓarin jiki, amma kula da waɗannan tsokoki ma aikinsu ne, kuma manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato duk suna da sashen. Ki bi ta wajen likitan mata ya tura ki, ki kuma faɗa ƙarara cewa mace kike so wadda ta saba da matsalolin mata. Haƙƙinki ne, ba roƙo ba.

Ranar da na je, bayan tambayoyi, ta sa safar hannu ta duba ni da yatsa ta ce in matse. Na matse iya ƙarfina. Ta ce, «Maman yara, cinyarki da cikinki ne suke aiki, wurin da muke nema bai motsa ba tukuna.» Wata biyu na yi ina wahalar banza a gida. A zama ɗaya ta gyara mini, ta rubuta mini adadin da zan fara da shi.

Yawancin gwaje-gwajen da suka nuna nasarar atisayen a ƙarƙashin kulawar ƙwararru aka yi su, shi ya sa NICE ta ce a fara da wannan hanyar kafin kowace. Ga mahaifar da ta sauko kaɗan, ta ce a yi aƙalla mako 16. Wani gwaji da aka buga a 2014 a kan mata 447 ya nuna cewa masu atisayen da aka tsara wa kowacce nata sun samu raguwar nauyin nan da damuwar da ke tare da shi. Ba ya mayar da mahaifar da ta fito waje, wannan a sani.

Kuɗinsa shi ne na kati, na kowane zama, da na mota. Ga matar ƙauye motar ce babbar matsala. Shawarata ita ce ko zuwa biyu kika iya, ɗaya a farko ɗaya bayan wata guda, ya fi babu nesa ba kusa ba. Akwai wani amfanin kuma: wasu matan tsokarsu ba saki ta yi ba, ƙanƙamewa ta yi. Alamarsu zafi lokacin saduwa, ciwon mara da ba ya tafiya, da wahalar fara fitsari. Irin waɗannan matsewa ƙara musu ciwo take yi, sassautawa ya kamata a koya musu, kuma sai an duba ake ganewa.

Na'urori da ƙananan nauyi

A nan ba zan daɗe ba. Akwai ƙananan nauyi masu siffar ƙwai, daga kimanin giram 20 zuwa 100, da ake sawa a riƙe na kamar minti 15. Sun fi a zauna ba a yi komai ba, amma ba su fi atisaye ba, kuma mata da yawa suna watsar da su don ba su jin daɗinsu. Akwai na'urar da ake haɗawa da waya tana nuna ƙarfin matsewarki, irin su Elvie, wadda kuɗinta ya kai kusan dala 200. A 2020 an buga sakamakon gwaji a kan mata 600 a Birtaniya, inda aka ƙara wa rabi na'urar nuna matsewa a kan atisayen. Bayan shekara biyu ba a ga bambancin a zo a gani ba. Sai ta lantarki mai motsa tsokar da kanta: amfaninta ga wadda ba ta iya motsa wurin ko kaɗan ne, a hannun ma'aikaciyar lafiya, kuma mai ciki da mai batirin zuciya ba su amfani da ita.

Zoben tallafe mahaifa

Wannan zobe ne mai laushi na silikon da likita ke auna miki ya sa a cikin farji, ya tokare abin da ya sauko. Ba shi ne robar tsarin iyali ba, ba ya shiga cikin mahaifa, ba ya hana ɗaukar ciki. Kyansa shi ne sauƙin yana zuwa nan take: mace ta shigo tana tafiya a tattale, ta fita tana takawa daidai. Akwai irin da aka yi musamman don tare ɗigar fitsari. Mai siffar zobe ba ya hana auratayya, wasu matan ma suna koyon cirewa su wanke su mayar da kansu.

Ba ya warkarwa, tallafi ne, ranar da aka cire shi matsalar tana nan. Wani lokaci sai an gwada girma biyu ko uku kafin a dace. Yana iya kawo ƙarin ruwa ko ɗan jini, ga wadda al'adarta ta ɗauke kuma likita kan haɗa mata da man shafawa na sinadarin estirojin don fatar wurin ta yi ƙwari. Babban haɗarinsa mantuwa ce. Dole a koma a duba shi aƙalla duk wata shida, domin zoben da aka bari shekaru yana iya cin naman wurin har ya ɓula. Idan Inna ko Goggo aka sa wa, wata a cikin 'ya'ya ta rubuta ranar komawa ta riƙe. Kuɗinsa matsakaici ne, sai dai ba kowane asibiti ke ajiye shi ba.

Tiyata

Idan ɗigar ta yi tsanani, tiyata ta fi kowace hanya ƙarfi, wannan gaskiya ce da ba zan ɓoye ba don ina son atisaye. A ƙasar Holan an raba mata 460 masu ɗigar tari matsakaiciya zuwa mai tsanani gida biyu, sakamakon ya fito a 2013. Bayan shekara, kusan kashi 91 cikin 100 na waɗanda aka fara da tiyata sun ce sun samu sauƙi, a ɓangaren waɗanda aka fara da atisaye kuma kashi 64. Kusan rabin waɗanda suka fara da atisaye sun koma sun nemi tiyatar, sauran rabin ba su nema ba a cikin shekarar.

Akwai aikin ɗaga wuyan mafitsara da ɗinki, akwai na yin maɗauri da wani yanki na jikin matar, akwai kuma na sa siririn ƙyallen roba mai kama da raga. Ga saukowar mahaifa ana gyara bangon farji, ko a ɗaure mahaifar sama, ko a cire ta. Batun ragar nan yana son tambaya: saboda matan da suka samu ciwo mai tsanani bayan an sa musu, Ingila ta dakatar da amfani da ita ta farji a 2018, Amurka kuma ta hana sayar da wadda ake sawa ta farji don gyaran saukowar mahaifa a 2019. Ki tambayi likita wane irin aiki zai yi, da me zai yi shi, kuma sau nawa ya taɓa yin irinsa.

Ita ce mafi tsada, ga jinya, ga kimanin mako shida ba ɗaukar nauyi ba saduwa. Akwai haɗarin jini, ƙwayoyin cuta, wahalar fitsari bayan aikin, kuma saukowar tana iya dawowa bayan shekaru. Ciki da haihuwa na iya warware gyaran, shi ya sa ake son sai mace ta gama haihuwa.

Kayan matsi

Ba na ganin laifin matar da ta je wurin mai kayan mata. Aurenta take tattali, kuma a can ba a yi mata tsawa, ba a sa ta layi. Amma a duba abin da haɗin yake yi. Bagaruwa da alimun suna tsuke fatar sama ne su busar da ita na wasu awoyi, sai a ji kamar an matse. Tsokar da ta saki tana can ƙarƙashi, ba abin da ya taɓa ta. Shi ya sa mai matsi ba ta daina ɗiga idan ta yi atishawa, kuma gobe sai ta sake saye. Idan aka tara kuɗin shekara, ya isa kati da motar zuwa asibiti har da canji.

Cusa abu a ciki yana kashe ƙwayoyin halittar da ke kare wurin, ya kawo ƙaiƙayi, bushewa da tsagewa. Likitocin mata a Najeriya sun sha ganin matan da abu mai zafi da aka cusa ya ƙona su, tabon ya tsuke farji har ya toshe, sai da tiyata. Zama a ruwan ɗumi mai tsabta don sauƙin ɗinki bayan haihuwa daban ne, ba shi nake nufi ba.

| Hanya | Kuɗi | Yaushe za a ga sauƙi | Ɗorewa | Haɗari | Mai son sake haihuwa |
|---|---|---|---|---|---|
| Atisaye a gida | Babu | Makonni zuwa wata 3 | Muddin ana yi | Yin sa ba daidai ba | Ya dace |
| Atisaye da likitar fisiyo | Kaɗan zuwa matsakaici | Wata 3 zuwa 4 | Muddin ana yi | Ƙanƙani | Ya dace |
| Na'urori | Matsakaici zuwa mai yawa | Kamar atisaye | Muddin ana yi | Ƙaiƙayi, asarar kuɗi | Ban da lokacin ciki |
| Zobe | Matsakaici | Nan take | Muddin yana ciki | Rauni idan an manta shi | Ya dace |
| Tiyata | Mai yawa | Bayan jinya | Shekaru, tana iya dawowa | Mafi girma | A jinkirta |
| Kayan matsi | Kaɗan, amma kullum | Ba ya tsayar da ɗiga | Awoyi | Ƙuna, cuta, tabo | Bai dace ba |

Wacce ce taki?

Idan kina da ciki ko kina jego, ki fara atisaye a gida yau, ki kuma roƙi malamar awo ta duba yadda kike yi. Bayan haihuwa ana iya farawa a hankali cikin kwanakin farko idan babu zafi, ko da tiyata aka ciro ɗan, domin wata tara na nauyi ya riga ya yi aikinsa.

Idan ɗigarki ta tari da atishawa ce, ki nemi a duba ki ko sau ɗaya, sannan ki ba atisayen wata uku cikakku kafin ki yanke masa hukunci. Ni sai a wajen mako na goma na lura na yi sallar Azahar da La'asar da alwala ɗaya. A tare da shi ki gyara taurin bayan gida da ruwa da ganye da kuɓewa da zogale, ki nemi maganin tari, ki raba jarkar ruwa gida biyu. Idan wata ukun sun cika babu canji kuma kin gama haihuwa, ki zauna da likitan mata a kan tiyata ba tare da jin kin gaza ba.

Idan ta matsuwa ce, atisaye shi kaɗai bai isa ba. Ana haɗa shi da horar da mafitsara, wato ƙara tazarar zuwa bayi kaɗan-kaɗan na aƙalla mako shida, da rage shayi, kofi da lemon kwalba, akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa. A fara gwada fitsari da sukari, musamman idan akwai zafi, jini ko yawan ƙishi.

Idan nauyi kike ji amma ba abin da ya leƙo waje, atisaye na wata huɗu a hannun likitar fisiyo. Idan ya leƙo kuma kina son ƙarin haihuwa, ko tsohuwa ce mai hawan jini ko ciwon zuciya da ba za ta jure tiyata ba, zobe ne, tare da atisayen. Idan ya fito sosai har yana gogar zani yana yin gyambo, maganar tiyata ce, kada a ɓata lokaci.

Mai jin zafi lokacin saduwa kada ta fara matsewa sai an duba ta.

Mai zubar fitsari dare da rana kuwa, ko wadda bayan gida ke fito mata ta gaba, a kai ta cibiyar yoyon fitsari kai tsaye. Akwai ta gwamnatin tarayya a Babbar Ruga a Katsina da ta Ningi a jihar Bauchi, inda ake yin gyaran kyauta, akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, ga 'yan Nijar kuma akwai ta Danja kusa da Maraɗi. Idan yoyon sabo ne, cikin makonnin farko bayan haihuwa, wani lokaci robar fitsari kaɗai da za a sa mata na 'yan makonni tana sa ƙaramar ƙofa ta rufe da kanta, saboda haka kada a jira a yi arba'in kafin a tafi.